Ƙanwata ta tsira daga yaƙin Madani, yanzu musalsal ke sa ta kuka: mu hana ta kallo?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni Bahaushiyar Sudan ce, ina aure a Jidda. Ƙanwata tana birnin Madani na Sudan da 'ya'yanta biyu lokacin da garin ya faɗi a Disambar 2023. A ƙofar gida aka kashe mijinta, tana gani. Yayanmu mai mota ya kwashi iyalinsa ya fita bai bi ta kanta ba, da ƙafa ta bar garin. Yanzu tana wurina, ita da Inna. Har yau ba ta ba mu labarin hanya ba. Tun azumi ta kamu da wani musalsal, wato wasan kwaikwayon talabijin mai kashi-kashi, na wata yarinya da dangi suka yasar, ta sha baƙar wuya, daga baya ta samu miji mai haƙuri ta warke, har ta yafe wa kowa. Kullum sai ta kalla, kullum sai ta yi kuka, wani wurin ma mayar da shi baya take yi. Inna ta ce a kashe talabijin ɗin, a nemo mata miji, a kuma haɗa ta da Yaya a waya su shirya. Me kike gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan mamacin, ya raya abin da ya bari, ya ba ƙanwarki lafiya. Ke ma sannu da ɗawainiya. Sa wa ciwo suna, aikin wanda zai zauna da ita ne ya duba ta, amma kan shawarwarin Inna guda uku zan faɗa miki ra'ayina kai tsaye. Maganar aure da kiran Yaya a jingine su tukuna. Talabijin kuwa kada a kashe, sai dai in an ga wasu alamu da zan zo kansu.

Mutane kan yi mamaki su ga wanda ya ga bala'i da idonsa ya zauna yana kallon irinsa a fim. A wurinmu masu wannan aiki ba baƙon abu ba ne. Ranar da abin ya faru da ƙanwarki ba ta da iko da komai: ba ita ta zaɓi lokacin ba, ba ta iya tsayar da shi ba, ba ta san inda zai ƙare ba. A gaban talabijin kuwa rimot yana hannunta. Ta tsayar, ta mayar baya, ta tashi ta sha ruwa ta dawo. Labarin yana da farko, yana da ƙarshe, kuma ta san yarinyar ba za ta mutu ba tunda akwai kashi na gobe. Sannan ga wani abu da ya shafe mu Hausawa musamman. A gidajenmu mace ba ta zama gaban mahaifiyarta tana kukan miji wata da watanni. Kunya ta hana, "yi haƙuri" ta hana, tsoron kada a ce ba ta yarda da ƙaddara ba ya hana. Amma kuka saboda yarinyar cikin musalsal, wannan ba mai tuhumarta. Ina kyautata zaton hawayen nata na kanta ne, sunan wata kawai ta ara.

Bari in ɗan yi bayanin abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa, domin shi ne zai sa ki gane sauran maganar. Abubuwan yau da kullum ƙwaƙwalwa tana ajiye su da tsari, da rana da wuri da abin da ya zo kafin da abin da ya biyo baya. A lokacin tsananin firgici wannan tsari yana rushewa. Sashen da ke lura da haɗari ya karɓe ragama, sashen da ke jera abubuwa bisa lokaci ya yi rauni. Sai abin ya shiga kamar kayan da aka cusa a buhu ranar gudu, ba ninki, ba ɗauri, ko yaya aka taɓa buhun sai wani abu ya faɗo: ƙarar babur, warin ƙonannen taya, wata kalar riga. Idan ya faɗo kuma ba ya zuwa a matsayin abin da ya wuce, zuwa yake kamar yanzu ake yinsa. Warkewa ita ce a fito da kayan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, a wurin da mutum ya aminta, a ninke a mayar. Wanda ya ƙi taɓa buhun kwata-kwata yakan samu sauƙin yini ɗaya, amma shi ne ciwonsa ya fi daɗewa. Kaucewa duk abin da ke tuna wa mutum yana cikin alamun ciwon, yana kuma cikin abin da ke ciyar da shi. Shi ya sa nake ɗar-ɗar da kashe talabijin. Mai yiwuwa nan ne kaɗai wurin da take iya kusantar abin.

Sai dai kuka iri biyu ne, kuma aikinki na farko shi ne ki bambance su. Akwai wanda za ta yi tana nan tare da ku: kin yi mata magana ta amsa, an gama ta share ido, ta yi ajiyar zuciya, wataƙila ma ta tsine wa mugun cikin fim ɗin, ta tashi ta yi sallah ta kwanta. Wannan ki bar ta da shi. Akwai kuma wanda ba ma lalle a ga hawaye ba. Ido ya kafe wuri guda, jiki na rawa ko ya sandare, gumi, numfashi sama-sama, ki kira sunanta kamar ba ta ɗakin. A wannan lokacin ba Jidda take ba, tana ƙofar gidanta a Madani. In hakan ta faru, ki rage sautin, ki zo ta gabanta, kada ki dafa ta ta baya. Ki kira sunanta a natse, ki ce mata nan Jidda ne, gidana ne, yara suna ɗaki suna barci. Ki ba ta ruwa mai sanyi ta riƙe, ko ki kusanto mata da ƙamshin da ta saba da shi tun kafin yaƙi, turaren wuta ko jabana, gahawar Sudan. Ma'aunin da nake ba iyalai shi ne daren da washegarin: ta yi barci? Ta ci abinci? Ta kula yaran? In kallo yana barinta da sauƙi, ya ci gaba. In kuwa duk daren da ta kalla sai mafarki da firgita, to a mayar da shi rana, a rage yawansa, a daina jera kashi biyar a zama ɗaya, kuma da shawararta za a yi, ba a ɓoye rimot ba. Wadda aka ƙwace wa komai ba a fara yi mata magani da ƙwace.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba ki ma ambace shi ba, kuma na san yana gidan: waya. Guruf-guruf ɗin WhatsApp na dangi da na unguwa cike suke da bidiyon gawarwaki da gidajen da aka wawashe, daga Jazira da Sinja da Khartum. Bayan harin bam da aka kai wurin tseren gudu a Boston ta Amurka a 2013, masu bincike sun gano cewa waɗanda suka riƙa kallon labarin awa 6 ko fiye a kullum cikin makon farko sun nuna alamun firgici fiye da mutanen da abin ya rutsa da su a wurin. Bidiyon waya ba shi da farko, ba shi da ƙarshe, ba a sanar da zuwansa, kuma titin da ke ciki nata ne na gaske. In za a yi wa wani abu iyaka a gidan nan, da shi za a fara, har da wayar Inna.

Wasan kwaikwayo yana da amfaninsa, kuma an gwada. A Ruwanda, shekara 10 bayan kisan kiyashin 1994, an fara wani wasan rediyo mai suna Musekeweya a kan ƙauyuka biyu masu gaba da juna. Wata mai bincike, Elizabeth Paluck, ta bi masu saurarensa tsawon shekara guda, ta fitar da sakamakon a 2009. Wasan bai canza abin da mutane suka ƙudurta a zuci sosai ba, amma ya canza abin da suke ganin ya dace a yi a cikin jama'a, ciki har da yarda cewa mutum ya faɗi abin da ya same shi. Kuma a tare suke saurare, suna tattaunawa. Iyakar abin da nake fata daga musalsal ɗin ƙanwarki ke nan: ya buɗe bakin gida. Saboda haka ki daina leƙowa daga kicin kina duba ko ta fara kuka. Zo ki zauna. Ki yi maganar yarinyar fim ɗin, ba ta ƙanwarki ba. "Ni dai da ni ce ita, da ban iya komawa gidan nan ba." Sai ki yi shiru. Wata rana za ta amsa a kan yarinyar, wata rana kuma za ki ji ta ce "ni ma", daga nan ki saurara kawai. Ki lura da wurin da take mayarwa baya, amma kada ki tambaye ta dalili a gaban Inna ko mijinki. Rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya sun tabbatar da yawan cin zarafin mata a wannan yaƙi, kuma macen da ta yi tafiyar ƙafa da yara biyu tana iya ɗauke da abin da ko ke ba za ta so ki sani ba. In haka ne, haƙƙinta ne ta zaɓi wanda za ta gaya wa.

Yanzu ga inda waɗannan finafinai suke ɓatar da mutane, kuma ina ganin sun ɗan ja Inna ma, duk da ita ke cewa a kashe. Marubuci yana da kashi 30 na azumi, dole ya ƙulle labari kafin sallah. Sai ya shirya dare ɗaya, jaruma ta fashe da kuka ta amayar da komai, gari ya waye ta zama sabuwa. Iyalai su kalla, su zaunar da tasu su ce faɗi ki huta. An daɗe ana yin irin wannan a asibitoci ma, a tara waɗanda bala'i ya shafa a sa su zayyana komai a zama ɗaya, har bincike ya nuna ba ya hana ciwon, wasu ma yana ƙara musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina. Ba da labari yana magani, amma da tsari. A sansanin Imbefi da ke arewacin Yuganda an gwada wata hanya a kan 'yan gudun hijira 43 daga kudancin Sudan, aka buga sakamakon a 2004. A yadda ake yin hanyar yanzu, ana shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwar mutum tun daga haihuwa, ya ajiye fure a kan kowane abin farin ciki, dutse a kan kowane bala'i, sannan a bi igiyar daki-daki ana rubutawa. Zama 4 kawai aka yi. Bayan shekara guda, kashi 29 cikin 100 na waɗanda aka yi wa haka ne ke da sauran ciwon, alhali waɗanda aka yi wa nasiha da lallashi kawai kashi 79 cikin 100 suna nan da shi. Mutanen ba su da yawa, amma an maimaita hanyar a ƙasashe da dama daga baya. Abin lura a ciki shi ne furannin. Ƙanwarki ba ranar Madani kaɗai ba ce, tana da yarinta, da biki, da haihuwa, kuma ana so dutsen ya koma wurinsa a tsakaninsu.

Maganar aure. Gaskiya ne samun mutanen da ke tsaye da kai yana cikin manyan abubuwan da ke raba wanda ya farfaɗo da wanda ciwon ya zauna masa, bincike ya sha nuna haka. Amma wannan tallafin ke ce, Inna ce, maƙwabciyar da ke shigowa shan shayi ce. Mijin cikin musalsal marubuci ne ya ƙera shi, ba ya gajiya, ba ya fushi, ba shi da uwa mai tambayar me ya sa amarya ba ta fara'a. Namiji na gaske zai dawo daga aiki ya tarar da mace mai firgita in an buga ƙofa, mai ƙin a taɓa ta, mai tashi da ihu cikin dare. In bai san dalili ba zai ɗauka ƙiyayya ce, ko aljanu, kuma saki a kan wannan hali rauni ne na biyu. Iddarta ta wata 4 da kwana 10 ta cika tuntuni, shari'a ba ta hana ta aure ba, ni ma ban hana ba. Cewa nake a bari ita ta nuna tana so, kuma wanda zai zo ya san abin da zai tarar.

Batun Yaya shi ne mafi nauyi, kuma zai yiwu ya fi mutuwar mijin ci mata rai. Wanda ya harbe mijinta baƙo ne. Wanda ya tafi ya bar ta, nono ɗaya suka sha. Ba zan yanke wa Yayanku hukunci ba. Ranar da Madani ta faɗi, garin cike yake da mutanen da suka riga suka gudo daga Khartum tun Afrilun 2023, hanyoyi sun cushe, ana ƙwace motoci, mutane da yawa sun yi abin da har yau ba sa iya kallon kansu a kai. Mai yiwuwa shi ma ba ya barci. Amma a miƙa mata waya ba shiri a ce ga Yayanki ku gaisa, a gaban Inna, wannan tilas ne aka sa masa rigar zumunci. Za ta ce "na yafe" don kunya, sannan ta daina yarda da ku. A Sahihul Bukhari, Wahshi da ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu ya zo ya musulunta, Annabi (SAW) ya karɓi musuluncinsa, sannan ya tambaye shi ko zai iya ɓoye masa fuskarsa. Ba ina haɗa Yayanku da mai kisa ba ne. Ina nuna miki cewa mafificin halitta ya bar wa zuciya lokacinta, bai ɗauki rashin son ganin fuska a matsayin rashin yafiya ba. In Yaya yana son gyara, ya aiko da saƙon murya ta wurinki, wanda babu "amma" a cikinsa, babu "ai ke ma kin san halin da ake ciki". Ya ce na bar ki, na cuce ki, ki yafe mini sa'ad da kika iya. Ki gaya mata saƙon yana nan, ta ji ranar da ta ga dama. Ya kuma riƙa aiko wa yaran da abin da ya samu ba tare da jiran godiya ba.

Na san za a ce mata ta yi tawakkali. Ki tuna wa masu faɗa cewa Annabi Yaƙuba ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne mai "haƙuri kyakkyawa". Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Addu'a da ruƙiya ta shari'a ba sa karo da asibiti. Mu 'yan Sudan ma muna da abin tunƙaho a nan, domin Dakta Tijani al-Mahi, wanda asibitin ƙwaƙwalwa na Omdurman ke ɗauke da sunansa, ya rasu tun 1970 amma ana tuna shi da yadda ya riƙa aiki tare da shehunai da masu maganin gargajiya maimakon ya yi gaba da su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mai duka, mai shaƙe wuya, mai turnuƙe mace da hayaƙi a rufaffen ɗaki wai yana fitar da aljani. Ga wadda ta ga maza da bindiga a ƙofarta, wannan maimaita mata ranar ne.

Ba duk wanda ya ga yaƙi ne ke kamuwa da ciwo ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce kusan mutum 1 cikin 5 a yankunan rikici ke fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, mai sauƙi ko mai tsanani. Amma in mafarkai, da dawowar abin a farke, da gudun duk abin da ke tuna mata, da zama kullum a tsorace sun wuce wata guda suna hana ta rayuwa, ita kuwa an daɗe da wuce nan, to ku je a duba ta. Ki kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, su nuna miki inda ya fi kusa, ki kuma duba abin da inshorarta ta ƙunsa tun kafin ku fita, musamman in da bizar ziyara take zaune. A asibiti ki ce ana zargin "iɗɗirabu ma ba'adas sadma", wato ciwon firgicin da ke biyo bayan bala'i, ki nemi wadda ta ƙware a maganin zama da tattaunawa na masu firgici, mace in ƙanwarki ta fi so. Galibi zama 8 zuwa 12 ake yi. In kanta ya fi sakewa da Hausa ko Larabcin Sudan, a nemi mai jin su, kada a sa ɗanta ko mijinki tafinta. Akwai magungunan damuwa da ke taimakawa, sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu. Ƙwayoyin kwantar da hankali irin su Valium da Xanax kuwa, waɗanda mata ke miƙa wa juna a ɓoye, ba sa warkar da wannan ciwo, kama mutum suke yi. In kin ji tana cewa gara ta bi mijinta, ko ta fara damƙa miki amanar yara ba dalili, ki tambaye ta ƙarara ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. In ta ce e, kada a bar ta ita kaɗai, a kwashe magunguna daga ɗaki, a tafi sashen gaggawa a ranar, ko a kira 997, layin motar asibiti.

Yaran su ma suna gidan Madani a ranar, ko sun gani ko sun ji. Kada su zauna wurin kallon in ana nuna duka ko bindiga. Fitsarin kwance da ya dawo, manne wa uwa, wasan harbi da ba ya ƙarewa, duk a faɗa wa likitan.

Inna kuma ki bi ta a hankali. Ita ta haifi wanda ya tafi, ita ta haifi wadda aka bari, kuma duk daren da ƙanwarki ta yi kuka a falo, a kunnenta yake sauka. Ina zaton kashe talabijin ɗin don kanta ma take nema. Kada ki ce mata likita ta ce kin yi kuskure. Ki ce an ce a ba abin wata uku kafin a sake tada maganar aure da ta waya, ki kuma ba ta aikin yi: ita za ta riƙa dama mata talbina, kunun sha'ir ɗin da Nana A'isha ta ruwaito cewa yana sanyaya zuciyar majiyyaci yana rage baƙin ciki, ita za ta riƙa jan yaran zuwa ɗakinta da tatsuniya in lokacin musalsal ya yi. In kun samu ganin likitan, ki nemi a ba Inna nata zaman daban.